Kifi Na Ganinka, Mai Jar Koma: Yadda Ake Zaɓen Launin Koton Roba

Hausawa kan ce kifi na ganinka, mai jar koma. Ana jefa wannan magana ne ga mai wayon da kowa ya riga ya gano, amma duk wanda ya taɓa wuni a bakin ruwa da sandar fatsa ya san ko a zahiri haka abin yake. Kifi yana gani. Sai dai ba irin ganinmu yake yi ba, domin kafin haske ya iso idonsa ruwa ya tace shi. Jar komar nan, da za ta nutse gaba uku ko huɗu, ta tashi daga ja ta koma wani abu mai duhu-duhu kamar toka.

Abin da nake kira koton roba shi ne duk koton da ba abinci ba ne: ɗan kifin roba ko na katako mai leɓe a gaba wanda ke nutsewa idan an ja shi, da na ƙarfe mai siffar cokali, da mai ɗan farfela da ke juyawa, da roba mai laushi mai wutsiya da ake sawa a ƙugiya mai kan darma. Gara da tana da ɗanyen kifi suna da wari da ɗanɗano, su suke kiran kifi da kansu. Koton roba ba shi da wannan gata. Motsinsa da kamanninsa kaɗai yake da su, shi ya sa maganar launi ke damun masu amfani da shi.

Na koyi tushen abin ne wata Satumba a wajen Yawuri, cikin kwale-kwalen wani dattijo Basarke. Na kai awa biyu ina jifa da wani ɗan kifin roba mai shuɗin baya da cikin azurfa, wanda watanni kaɗan kafin nan ya kamo mini tsage har huɗu a wurin. Ko taɓawa ba a yi ba. Dattijon ya ajiye filafilinsa ya ce, "Ɗana, tsoma hannunka." Na tsoma. Tun ruwan bai kai gwiwar hannu ba yatsuna suka ɓace. Ya ce, "To, kai da ke da rana a bayanka ba ka ga yatsunka ba. Shi da ke ƙasa da me zai ga wannan?" Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Tun daga ranar ban sake buɗe akwatin koto ba sai na fara duba ruwa.

Mataki na farko: auna hasken ruwan

Tsoma hannu ya isa a ruwan laka, amma in kana son awo na sosai, haɗa faifan awo. Nemi farin murfin bokitin fenti ko farin faranti na roba mai faɗin kamar santimita 20, ka huda tsakiyarsa, ka zura igiya, ka ɗaura noti na ƙarfe ko dutse a ƙasansa don ya nutse a kwance. Sai ka ƙulla igiyar a kowane rabin mita. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya yi amfani da irin faifan nan a Bahar Rum tun 1865, kuma har yau masu binciken tafkuna da shi suke awo.

Ka sauke shi ta gefen jirgin da ke da inuwa, a hankali, har ya ɓace maka. Ƙirga ƙullin da suka shiga ruwa. Ga yadda nake raba abin a nawa aikin: in faifan ya wuce mita biyu ina ganinsa, ruwan garau ne. In ya ɓace tsakanin rabin mita da mita biyu, tsaka-tsaki ne. In bai kai rabin mita ba, ruwan laka ne. Haske mai ɗan amfani yakan kai ninki biyu zuwa uku na zurfin da faifan ya ɓace. Ƙasa da nan kuwa, kifi cikin duhu yake ko da tsakar rana ne.

Kada ka tsaya ga zurfi kawai. Dubi launin da farin faifan ya koma daf da ɓacewarsa, domin shi ne launin hasken da ya saura a ƙasa. In ya koma kore-kore, ruwan na ɗauke da ƙananan tsirrai irin na gansakuka, kamar yadda madatsun ruwa da yawa ke yi da bazara. In ya koma kamar shayin da ba madara, ruɓaɓɓen ganye da ciyawa ne suka rina ruwan, irin na fadamu da gefen tafkin da ruwa ya hau kan ciyawa. In ya koma kamar koko, laka ce.

Mai kamun kifi a Tafkin Kainji yana da wani abin lura na daban. Tun da aka gama madatsar a 1968, masu nazarin tafkin suke maganar ambaliya biyu a shekara. Ta farko, farar ambaliya, ruwan daminar yankinmu ne da ke kwaso laka daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu, baƙar ambaliya, ruwan da aka yi ne can tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a can, sai ya iso nan daga wajen Disamba a tace. Wuri ɗaya ke nan, kifi iri ɗaya, amma koton da ya yi aiki a Janairu zai iya kwana a ruwa a Satumba ba a kula shi ba. Abin da ya faru da ni ke nan.

Mataki na biyu: san zurfin da koton zai yi tafiya

Hasken rana da muke gani fari launuka ne a haɗe, irin waɗanda ke bayyana a bakan gizo. Ruwa ba ya shanye su tare. A ruwa mai tsabta sosai, ja ne ke fara tafiya, kusan ya ƙare a mita biyar zuwa shida. Ruwan lemo na biye, a wajen mita goma. Rawaya takan kai kusan ashirin. Kore ya fi haka nisa, shuɗi kuma shi ne na ƙarshe. Koto ja ba ja ba ne sai in akwai jan haske da zai faɗa kansa ya dawo. In babu, baƙi-baƙi yake komawa.

Amma a nan ne mutane da yawa ke ɓata lissafi. Wannan jeri na ruwan teku ne da tafkunan da suke garau ƙwarai. Ruwanmu na koguna da madatsu ba kasafai yake haka ba. A ruwa mai kore, hasken kore da rawaya ne ke zurfafawa, ja da shuɗi duk su mutu da wuri. A ruwan shayi da ruwan laka kuwa jerin juyewa yake yi: shuɗi ne ke fara ɓacewa, abin da ya saura haske ne mai ja-ja da ruwan lemo. Saboda haka wanda ya haddace cewa shuɗi ya fi kowane launi nisa, ya ɗauko shuɗin koto ya jefa a Kogin Binuwai cikin damina, ya jefa abin da ya fi saurin dushewa ne.

Akwai kuma lissafin da ake mantawa. Haske ba saukowa kawai yake yi ba. Sai ya sauko kan koton, sannan ya tashi daga koton ya bi ruwa zuwa idon kifi. In kotonka na zurfin mita uku, kifin kuma na nesa da shi mita uku, hasken ya ratsa mita shida ke nan. Kifi yakan fara hango koto a matsayin wata inuwa ko walƙiya. Launi sai ya matso kusa yake gane shi.

Ɓacewar launi ba ɓacewar koto ba ce. Jan koto a zurfi yana nan, ya dai zama mai duhu, kuma wani lokaci duhun ne ma ake so. Abin da ba ka so shi ne koton ya saje da ruwan da ke bayansa.

Mataki na uku: duba sama

Da hantsi zuwa azahar rana na dukan ruwa kai tsaye, haske na shiga sosai. Da asuba da yamma liƙis kuwa a karkace take, wani kaso mai yawa na hasken a saman ruwa yake tsalle ya koma. Don haka a ƙarƙashin ruwa gari ba ya wayewa da wuri, kuma magariba na riga tamu. Hadari na rage haske, hazon hunturu ma haka. Iska mai tayar da igiyar ruwa tana farfasa hasken, ta sa kifi ya rage tsoro, ya kuma rage tantance abin da ke gabansa.

Mataki na huɗu: zaɓi launin

Yanzu ne za ka buɗe akwati.

In ruwan garau ne kuma akwai rana, kifi na da lokacin da zai ƙare wa koto kallo, kuma a nan karin maganar mai jar koma ke aiki sosai. Ɗauki mai kama da abin da yake ci: azurfa, fari, ruwan toka, mai duhun baya da farin ciki. Kusan duk ƙananan kifayen da ake farauta haka aka halicce su, baya mai duhu don ya saje da ƙasa in an hango su daga sama, ciki fari don ya saje da sama in an hango su daga ƙasa. Kawara ke nan in ka dube ta da kyau. Launi mai ihu a irin wannan ruwa yakan sa kifi ya biyo koto har gindin jirgi sannan ya juya. In ka ga haka sau biyu, rage ƙyalli, ko ka sa ƙarami.

In ruwan tsaka-tsaki ne mai kore, na fi yarda da tsanwa mai ratsin rawaya, irin launin rigar da ma'aikatan titi ke ɗorawa don direbobi su hango su. Farin koto ma na aiki, domin fari yana mayar da kowane irin haske ya samu. Akwai wani zane da kamfanoni da yawa ke yi, bayansa kore shar, gefensa rawaya, cikinsa ruwan lemo, da baƙaƙen ratsi a tsaye. Ba ya kama da kowane kifi a ruwanmu, amma ya haɗa haske da duhu a jiki ɗaya, ko wanne ya ɓace ɗayan na nan.

In ruwan shayi ne, ajiye azurfa ka ɗauki zinare ko tagulla. Ruwan lemo da ja ma suna fitowa da kyau a nan, musamman a mita biyu na sama.

Ruwan laka shi ne ya fi wuya, kuma shi muka fi samu rabin shekara. Hanya biyu ce. Ko dai ka tafi can ƙarshen haske, wato ruwan lemo mai ƙyalli ko tsanwar nan ta rigar ma'aikata, ko ka tafi can ƙarshen duhu, wato baƙi wuluk. Mutane na mamakin baƙi, amma ka tuna mafarautan kifaye galibi daga ƙasa suke kai hari, suna kallon sama. Komai dauɗar ruwa, samansa ya fi ƙasansa haske, kuma babu abin da ke fita sarai a gaban haske kamar baƙin abu. Abin da za ka guje wa shi ne na tsakiya: ruwan ƙasa, ruwan toka, shuɗi mai haske, da koton da ake hango ta cikinsa. Sannan a irin wannan ruwa launi ba shi ne babba ba. Kifi na da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, wanda yake jin girgizar ruwa da shi. Ba shi koto mai faɗin rawa, ko mai 'yan ƙwallaye a ciki da ke kaɗawa, ko mai farfela, ka kuma ja shi a hankali don ya samu damar lalubo shi.

Da dare, baƙin koto za ka sa a saman ruwa ko kusa da sama, ko da farin wata ko babu. Idon kifi, kamar namu, yana da ƙwayoyin da ke gane launi da waɗanda ke aiki a duhu, kuma na duhun ba ruwansu da launi.

Bari in rarrabe abu uku da ake cakuɗawa a wurin saye. Koton azurfa ko zinare madubi ne: in akwai rana yana walƙiya, in babu ba shi da abin mayarwa. Launi mai ƙyalli irin na rigar ma'aikata kuwa yana shan shuɗin haske ne da wanda ido ba ya gani, ya fitar da shi a nasa launin, shi ya sa yake riƙe kamanninsa a zurfin da jan fenti na yau da kullum ya riga ya mutu. Amma shi ma sai da hasken rana, ba ya haskawa da dare. Na ukun shi ne mai haske a duhu, wanda ake haska wa tocila ya riƙe na ɗan lokaci. Wannan na zurfi ne sosai ko dare, kuma ɗan ɗigo a ciki ko a ido ya fi a shafe jikin duka.

Kafin ka bar gida, jera kotunanka a kan tabarma ka ɗauke su hoto da waya, ka mayar da hoton baƙi da fari. Za ka ga ja da kore da shuɗin da ka ɗauka daban-daban ne sun zama toka iri ɗaya. Wannan hoton ya fi idonka kusa da abin da kifi ke gani a zurfi, kuma zai nuna maka ko akwatinka na da mai haske sosai da mai duhu sosai, ko kuwa duk 'yan tsakiya ka tara.

Mataki na biyar: wane kifi kake nema?

Giwan ruwa, wanda kan wuce kilo 100 in ya samu shekaru, yana da wani shimfiɗi a bayan idonsa da ke mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare. Haska masa tocila ka gani. Wannan ne ya sa yake farauta da asuba da magariba da cikin zurfi, inda ƙananan kifaye ba sa ganinsa. Yana laɓewa gindin duwatsu da kututturan da ruwa ya shanye. A wurinsa girman koto da zurfinsa sun fi launi. Babba, mai farin ciki ko mai ratsi, a ja shi kusa da maɓoyarsa.

Tsage da ido yake farauta, a ruwa mai gudu, kuma da sauri. Walƙiya ce ke tayar masa da hankali: cokalin azurfa in ruwa garau ne, na tagulla in ya ɗan rine, da ɗan ja ko ruwan lemo a wajen ƙugiya. Tun da a sama-sama ake kama shi, jan na nan da ransa. Haƙoransa na yanke zare kamar reza, dole ka sa guntuwar waya tsakanin zare da koto, kuma baƙar waya ta fi mai sheƙi, don kada ya bar koton ya kai wa wayar cizo.

Tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa da gashin baki suke neman abinci, ta wari da ɗanɗano. Sukan kama koton roba jefi-jefi, amma in su kake nema, tana ko yankan kifi ya fi maka. Karfasa ma yawancin abincinta tsirrai ne da ƙananan halittu, ba ita ake saya wa koto mai tsada ba.

In ka samu na farko, ko ka tarar da masu gyaran kifi a bakin ruwa, duba abin da ke cikin tumbinsa. Tsawon abin da ya haɗiye da kamanninsa sun fi duk wata shawara da zan ba ka.

Mataki na shida: canji, ɗaya bayan ɗaya

A 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itacen da ake toshiyar kwalba da shi, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta cakulan. Abin da ya lura da shi kafin nan shi ne manyan kifaye na ware ɗan kifin da ke tangaɗi cikin garke su kama. Motsin ya fara nema, ƙyallin ya biyo baya. Sunansa ne har yau a kan kotunan Rapala, kuma jerin da ya bi shi ne daidai.

Don haka in ka yi jifa ashirin ba labari, kada ka fara da sauya launi. Fara da zurfi: bar koton ya ƙara nutsewa, ko ka sa mai dogon leɓe. In ba a dace ba, sauya saurin ja, ka riƙa ɗan tsayawa kana ci gaba. Sannan girma. Launi ne na ƙarshe, kuma in za ka sauya shi, yi babban tsalle, daga azurfa zuwa baƙi, ko daga fari zuwa ruwan lemo. Sauya kore da wani koren ɓata lokaci ne. In ku biyu ne a jirgi, kowa ya sa launi daban a koto iri ɗaya, bayan rabin awa ku yi musaya. In kifi ya bi launin, launin ne. In ya bi mutumin, hannunsa ne, sai ka kalli yadda yake ja.

Riƙe ɗan littafi. Rana, wuri, awon faifai, launin ruwa, yanayin sama, koton da ya kama. Bayan damina ɗaya da rani ɗaya za ka san ruwanku fiye da yadda kowane kwalin koto zai gaya maka.

Abin da za ka saya da abin da za ka haɗa da kanka

Ba sai ka tara talatin ba. Shida sun isa mafari: azurfa mai duhun baya, fari, zinare ko tagulla, tsanwa mai ratsi, ruwan lemo mai ƙyalli, da baƙi. In kuɗin na biyu ne kawai, ɗauki fari da baƙi.

Tsohon cokalin shayi na zama koton tsage mai kyau. Yanke mariƙin, huda gaba da baya, sa zobe da ƙugiya, ka goge shi da toka ko man goge baki har ya ɗauki ido. Baƙar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, na mayar da farin koto mai ratsi cikin minti ɗaya. Jan farce na yin ɗigon ja a maƙogwaron koto ko ya mayar da cikinsa ruwan lemo, sai dai ka bar shi ya sha iska kwana biyu ko uku warin ya fita.

A ruwa garau, kaurin zare da inuwarka na iya ɓata duk zaɓen da ka yi. Sa siririn zare mara launi a gaba, kada ka tsaya inda inuwarka za ta faɗa kan wurin da kake jifa, kuma kada a riƙa buga ƙafa ko filafili a cikin jirgi. In baƙon wuri ne, fara gaida Sarkin Ruwa ko masuntan wurin ka tambayi inda aka shimfiɗa kalli da mamari, domin ƙugiya mai baki uku in ta kama komar mutum sai an yanka, kuma abincin iyalinsa ne. Su ne kuma za su gaya maka inda dorina take. Sa rigar kariya ko da ka iya iyo. Ƙaramin giwan ruwa da bai kai ya hayayyafa ba, jiƙa hannunka ka cire masa ƙugiya a hankali ka mayar da shi.

Idan ka dawo gida, ɗauraye kotunan ka shanya su a inuwa, domin rana na cinye launi mai ƙyalli da sauri, ƙugiya kuma na tsatsa in an rufe ta da danshi. Roba mai laushi kowane launi a ledarsa: in ka haɗa fari da ja wuri ɗaya cikin zafin nan namu, kafin mako ya zagayo farin ya rine, kuma in ta daɗe tana taɓa koton roba mai tauri takan narkar masa da fenti.